Mai farauto wa kamfani mawaƙa da furodusa: aiki ɗaya ne ko biyu, kuma ta ina ake shiga?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina da tambaya a kan sana'o'i biyu da nake ganin ana cakuɗa su. Akwai mutumin da kamfanin waƙa yake biya don ya nemo masa sabbin mawaƙa, wanda ake ce wa ɗan A&R, akwai kuma furodusa. A wasu tarihohin sai in ga mutum ɗaya ne ya riƙe duka biyun, a wasu kuma kowa da kujerarsa.

Abin da nake so a fayyace min: mene ne ainihin aikin kowannensu? Da me mai farauta yake gane cewa wannan yaron zai kai labari, wancan ba zai kai ba, alhali duka biyun suna da murya? Ta ina mutum yake shiga idan bai san kowa ba? Sannan ta fuskar kuɗi, albashi ne ko kaso? Don Allah a yi min bayani dalla-dalla. Na gode.

Tsohon_Hannu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayarka ta yi kyau, kuma rabin amsar tana cikin sunan. Haruffan A&R taƙaitawa ce ta kalmomi biyu na Turanci, ɗaya na nufin mawaƙa, ɗayar na nufin waƙoƙin da za su rera. Ke nan tun asali aikin bai tsaya kan nemo mai murya ba, har da nemo masa abin da zai rera da irin kiɗan da zai dace da shi. A shekarun 1940 da 1950 yawancin mawaƙan da ke kamfanonin Amurka da Ingila ba su suke rubuta waƙoƙinsu ba. Ɗan A&R shi zai je wurin marubuta ya zaɓo waƙa, ya tara makaɗa, ya kama situdiyo, ya zauna har a gama ɗauka. Shi ya sa kake ganin mutum ɗaya a kujera biyu.

Rabuwar ta fara ƙarfi ne a shekarun 1960, kuma kuɗi ne ya kawo ta. George Martin ya zama shugaban Parlophone, wani reshe na kamfanin EMI, a 1955. Shi ya ɗauki ƙungiyar mawaƙa ta Beatles a 1962 bayan kamfanin Decca ya ƙi su, shi ya yi musu aikin situdiyo, faifansu ya yi ta fita miliyoyi, amma shi albashinsa kawai yake ɗauka, ba shi da kaso. A 1965 ya ajiye aikin ya kafa nasa kamfanin mai suna AIR, ya koma ana ɗaukarsa haya ana ba shi kaso. Yau galibi haka abin yake: ɗan A&R ma'aikacin kamfani ne, furodusa kuma mai cin gashin kansa ne da ake kira ga waƙa ko album.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne, gano mai baiwa shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Duba labarin Aretha Franklin. Mai farauta John Hammond ne ya kai ta kamfanin Columbia a 1960, kuma ba a samu mai kunne irin nasa da yawa ba: shi ya fara ɗaukar muryar Billie Holiday a 1933, shi ya kawo Bob Dylan a 1961, da Bruce Springsteen a 1972. Duk da haka Aretha ta yi wajen shekara shida a Columbia ba ta yi tashen da ya dace da muryarta ba, domin ana ta ɗora ta a kan salon da ba nata ba. Da ta koma kamfanin Atlantic, furodusa Jerry Wexler ya kai ta situdiyo a Muscle Shoals da ke jihar Alabama a farkon 1967, ya zaunar da ita a kan fiyano ya bar makaɗa su bi ta. Muryar ba ta canza ba, abin da aka kewaye ta da shi ne ya canza, sai duniya ta ji ta.

To yau me ake dubawa? Aikin ya kasu biyu, alƙaluma da ido. Ta ɓangaren alƙaluma akwai manhajoji irin su Chartmetric da ke tattaro motsin mawaƙi a Spotify da YouTube da TikTok da Shazam. Kada girman lamba ya ruɗe ka, saurin hawa da ingancinsa ake kallo. Mawaƙin da masu sauraronsa suka tashi daga 2,000 zuwa 5,000 zuwa 11,000 cikin wata uku ba tare da talla ba ya fi wanda ya yi tsalle zuwa 300,000 cikin mako guda ya faɗo. Ka duba mutum nawa ne suka adana waƙar, nawa suka koma suka saurari waƙarsa ta biyu da ta uku. Shazam na da amfani na musamman, domin wanda ya ɗaga waya don ya gano sunan waƙa, waƙar ce ta kama shi, ba talla ba.

Akwai kuma sauraron bogi da ake saye, kuma yana da alamomi: sauraro ya yi yawa amma mabiya ba sa ƙaruwa, duk ya fito daga jerin waƙoƙi guda ɗaya da ba a san mai shi ba, ko daga wani birni da mawaƙin ba shi da alaƙa da shi, sannan ya tsaya cak a rana ɗaya. Daga 2024 Spotify ta fara cin tarar kamfanoni da masu rarrabawa idan ta kama irin wannan a fili, don haka wanda ya kawo wa kamfaninsa irin wannan mawaƙi ya jawo masa asara.

Bayan alƙaluma sai gani ya kori ji. Ka je ka kalle shi a gaban mutane, ko da mutum hamsin ne. Ka tsaya a baya ka kalli fuskokin masu sauraro, ba shi ba. Su waye suka haddace baitocin? Ana fita waje idan ya fara waƙa ta uku? Ka nemi ya turo maka waƙoƙi goma da bai saki ba, domin mai waƙa ɗaya mai kyau yana da yawa, mai goma waɗanda uku a cikinsu suke da ƙarfi shi ne ake nema. Ka ba shi gyara ɗaya ƙarami, misali ya matso da amshi gaba, ka ga kwana nawa zai ɗauka da kuma yadda zai karɓi maganar. Kuma kafin ka kai sunansa gaban shugabanka, ka tambaye shi a fili ko ya taɓa sa hannu a wata takarda da wani manaja ko ƙaramin kamfani. Ba a cinikin biri a sama.

Maganar shiga kuwa, babu takardar makaranta da ke buɗe ƙofar kai tsaye. Hanyoyin da aka sani su ne zama ɗan koyo a kamfani, ko riƙe wani ƙaramin mawaƙi a matsayin manaja, ko shirya ƙananan wasanni, ko aiki a gidan rediyo. Amma ga abin da za ka fara yau ba tare da izinin kowa ba: buɗe kundi. Duk mako ka rubuta mawaƙa biyar da ba su da kamfani, da kwanan watan da ka fara jin su, da alƙalumansu a ranar, da layi biyu a kan dalilinka. Bayan wata shida ka koma ka duba su wa suka tashi. Wannan kundin shi ne shaidarka, domin yana nuna ka ji kafin a ji, kuma zai nuna maka inda kunnenka yake yawan kuskure.

Injiniyar_Sauti:

Malam ya gama da ɓangaren farauta, bari in ɗora da na furodusa, domin a nan ma ana cakuɗa abubuwa. Mai haɗa kiɗa a kwamfuta ya sayar daban, injiniyan da ke kula da na'ura daban, furodusa kuma shi ne wanda alhakin waƙar yake wuyansa tun daga ranar farko har a miƙa ta ga kamfani, a kan lokaci kuma cikin kuɗin da aka ware. Mutum ɗaya yana iya yin duka ukun, amma ayyuka uku ne.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci ana yin sa ne kafin a kunna makirfo. Ka zaunar da mawaƙi da fiyano ko jita kawai, ka nemi matakin da muryarsa ta fi zama daram. Ka gwada waƙar a inda ya saba, ka ɗaga ta rabin mataki, ka sauke ta rabin mataki, ka ɗauki duka ukun da waya. Sau da yawa mawaƙi yana shan wahala a amshi ne kawai saboda an gina kiɗan kafin a auna muryarsa, sai a ƙare ana jan muryar da Auto-Tune, manhajar daidaita murya, har ta koma kamar ta ƙarfe. Haka ma saurin kiɗa: bambancin bugu uku ko huɗu a minti yana iya sa kalmomi su daina cin karo da juna a bakinsa. Ka kuma duba tsarin waƙar. Spotify ba ta ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, saboda haka gabatarwa mai tsawon daƙiƙa 40 babu murya hasara ce sai in da dalili mai ƙarfi.

Ranar ɗauka, ga ma'aunan da ba sa ba da kunya. Ka ɗauka a 24 bit, 48 kHz. Ka saita ƙarfin shiga yadda muryar za ta riƙa yawo a kusa da -18 dB, ƙololuwarta kada ta wuce -6. Idan sauti ya bugi sifili ya fashe, gyaransa daga baya ba ya dawo da shi yadda yake. Tsakanin baki da makirfo a bar kamar santimita 15 zuwa 20, da tace iska a tsakani saboda haruffan "b" da "f" masu fesar da numfashi. Idan ya matso da yawa muryar za ta kumbura ta ƙasa ta yi dum-dum, idan ya yi nisa ɗakin zai shigo cikin sautin. Makirfo na kondensa yana buƙatar wuta bolt 48 daga na'urar shigar da sauti, kuma wannan shi ne abu na farko da za ka duba idan ka ji shiru. Bofa kuma, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa shi, ka sauke ta zuwa 128 ko 64 lokacin ɗauka. A 128 jinkirin da take kawowa bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba, amma idan ka bar ta a 1024 mawaƙi zai ji muryarsa tana zuwa a makare a kunnensa, sai ya riƙa ja da baya a kan kiɗa, kai kuma ka ɗauka bai iya bin kiɗa ba.

Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci. Soso mai siriri da ake mannawa a bango yana shanye sautin sama ne kawai ya bar na ƙasa yana ta yawo. Abin da ke aiki shi ne allon auduga ta dutse mai kaurin santimita 10, musamman a kusurwoyi da bayan mai rerawa. Hedifon kuma ya zama rufaffe, in ba haka ba ƙarar na'urar ƙirga bugu za ta zubo cikin makirfo, ba za ka lura ba sai wurin da waƙar ta yi shiru.

Ka ɗauki waƙar gaba ɗaya sau huɗu zuwa shida, sannan ka tsinto mafi kyawun layi daga kowace ɗauka ka haɗa. Bayan ta shida yawanci murya ta fara gajiya kuma shauƙin ya tafi. Kada ka tsayar da mawaƙi a tsakiyar baiti don kuskure ɗaya. Kuma idan za ka yi gyara, ka faɗi abu ɗaya tak da zai iya yi, kamar "ja numfashi kafin kalmar nan", maimakon "ƙara sa rai", wanda ba ya gaya masa komai.

A miksin, wato haɗa murya da kiɗa a daidaita su, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a murya, ka lallashi kaifin "s" da "sh" da ke zaune tsakanin 5 zuwa 8 kHz, sannan ka saurari aikin ta sifikar waya guda ɗaya, domin a nan mutane da yawa za su ji shi. A mastarin, wato gyaran ƙarshe kafin a saki waƙa, kada ka matse ta don ta fi ta kowa ƙara. Spotify tana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti), wanda ya matse tasa sosai sauke ta za a yi, ya rasa bugun ganga a banza. Ka bar ƙololuwa a -1 dB.

Abin da kamfani zai nema a hannunka ba fayil ɗaya ba ne: cikakkiyar waƙa a WAV, kiɗa zalla, murya zalla, wadda aka cire kalmomin da rediyo ba ya sakawa, da rukunin kayan kiɗa daban-daban, kowanne ya fara daga daƙiƙa sifili don su hau kan juna daidai. Yawancin kwantiragi ba sa sakin ragowar kuɗinka sai waɗannan sun cika. Ka ajiye kwafi uku a wurare daban.

Sabon_Shiga:

Allah ya saka da alheri Malam, Allah ya ƙara basira Hajiya. Saura maganar kuɗi. Na ji ana cewa furodusa yana da "maki huɗu" a waƙa. Maki huɗu na me? Kuma yaushe yake fara karɓa?

Mai_Lissafi:

Ɗan'uwa, kafin maki sai ka fahimci cewa duk waƙar da ka ji dukiya biyu ce a haɗe. Ta farko ita ce waƙar kanta, wato kalmomi da karinta, wadda ta marubuta ce da kamfanin da ke kula da haƙƙinsu. Ta biyu ita ce sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda yawanci na kamfanin da ya biya kuɗin ɗaukar ne. Kowace da hanyar kuɗinta, har lambar shaidarsu daban: ISWC ga waƙar, ISRC mai haruffa da lambobi 12 ga sautin. Maki yana cikin dukiya ta biyu. Maki ɗaya kashi ɗaya ne cikin ɗari, kuma abin da aka saba bai wa furodusa shi ne uku zuwa biyar. A tsarin manyan kamfanoni na Amurka ana cire shi ne daga kason mawaƙi, ba daga na kamfani ba.

Ga lissafi na misali, da kowane irin kuɗi ka ga dama. A ce kason mawaƙi 20 ne cikin ɗari, furodusa yana da 4 a ciki, saura 16 ga mawaƙi. An kashe 100,000 wajen ɗauka. Kamfani zai fara mayar da kuɗinsa ne daga wannan 16 ɗin, ke nan sai aikin ya kawo 625,000 kafin a ce an fanshe. A ranar da aka kai nan, idan kwantiraginka ya ce za a biya ka tun daga kwafin farko, za a koma baya a lissafa maka 4 cikin ɗari na 625,000, wato 25,000, a cire kuɗin kafin alƙalami da ka karɓa, a ce 10,000, a ba ka 15,000. Idan babu wannan jimlar ta "tun daga kwafin farko", 25,000 ɗin nan ba naka ba ne, daga abin da ya biyo baya za ka fara ci.

Wurare uku ake cutuwa a nan. Na ɗaya, a sa kuɗin kafin alƙalaminka cikin kuɗin ɗauka sannan a sake cire shi daga kasonka, an cire sau biyu ke nan. Na biyu, a haɗa kuɗin bidiyo da talla da abin da aka bai wa mawaƙi na kashewa cikin abin da sai an fanshe kafin a biya ka. Ka dage kuɗin ɗaukar waƙoƙin da ka yi aiki a kansu kaɗai za a ƙirga. Na uku, rashin takardar umarni da mawaƙi zai sa wa hannu yana gaya wa kamfani ya biya ka kai tsaye. In babu ita, kuɗinka zai bi ta hannun mawaƙi.

Idan kuma kai ka ƙirƙiri kiɗan, kana da kaso a dukiya ta farko ma, kuma a hip-hop da makamantansa an saba raba rabi ga masu kiɗa, rabi ga masu kalmomi da kari. Tun ran gini ran zane: a ranar da aka rubuta waƙar, kafin kowa ya bar ɗakin, a cike takarda ɗaya da sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa na shari'a, ƙungiyar karɓar haƙƙi da yake ciki, da kasonsa, jimilla ta cika 100 daidai, kowa ya sa hannu. Idan da'awar mutane ta wuce 100, ƙungiyoyin sukan riƙe kuɗin har a sasanta.

Sai guntun sautin wani da aka ɗauko aka sa a kiɗa. Izini biyu ake nema, na mai sautin da na masu waƙar, kuma babu wata ƙa'ida da ta ce daƙiƙa kaza halal ne. Tun shari'ar da aka yi wa mawaƙi Biz Markie a Amurka a 1991, wadda ta sa aka janye album ɗinsa daga kasuwa, kamfanoni ba sa wasa da wannan. Kwantiragin furodusa yakan ɗora maka alhakin duk guntun da ba ka bayyana ba.

Ɗan A&R shi albashi yake ci, wani lokaci da ƙarin lada idan mawaƙinsa ya yi kasuwa, manyansu kuma sukan samu maki ɗaya ko ƙasa da haka. Kujerar ba ta da tabbas: idan aka canza shugabanci, sau da yawa shi da mawaƙan da ya kawo tare ake sallamarsu.

Tsohon_Hannu:

Lissafin nan ya fita tsaf. Abu ɗaya zan ƙara a kan kiɗan da ake saye a intanet, domin yanzu sabbin mawaƙa da yawa da shi suke zuwa. Yawancinsa haya ce ba mallaka ba: an sayar wa mutane da dama kiɗa ɗaya, takardar ta ƙayyade yawan sauraro ko shekarun da za a yi amfani da shi, kuma galibi ta hana a yi masa rajista a Content ID, tsarin YouTube na gano mai haƙƙin sauti. Lil Nas X ya sayi kiɗan waƙarsa da ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019 a kan dala 30 daga wani matashin furodusa ɗan ƙasar Holan, kuma a cikin kiɗan akwai guntun sautin ƙungiyar Nine Inch Nails, dole aka nemi izini daga baya aka sa sunayen masu shi cikin marubuta. An sasanta lafiya, amma mai sautin yana da ikon cewa a'a, ko ya nemi kaso mai tsoka tunda ya ga waƙar ta riga ta tashi.

Don haka idan ka samu yaro da waƙar da ke hawa, ka nemi takardar hayar kiɗan a ranar farko, ka karanta iyakokinta, ka tuntuɓi mai kiɗan a kan sayen mallaka gaba ɗaya kafin labari ya bazu cewa kamfani yana zawarcin yaron, kuma ka sa ya rubuta maka sunan duk wani sauti da ya ɗauko daga wani wuri.